Ƙuri'ar Kawu

Ba a taɓa yin zaɓen adalci a maɗaba'armu ba sai da na zo. Haka na faɗa a taron ma'aikata, ina ɗan shekara ashirin da bakwai, digirina ko ƙura bai yi ba. Har tafi aka yi mini.

Mu sittin ne a wurin, kwamitinmu kuma kujera biyar, kowane sashe ɗaya: masu injin, masu jera haruffa, direbobi, mu 'yan ofis, sai ɗakin ɗinkin littafi. Masu injin su ashirin da tara ne, kujerarsu ɗaya. Ɗakin ɗinki mutum huɗu, su ma ɗaya, kuma Kawu, yayan mahaifiyata, ya shekara goma sha tara a kanta. Zaɓensu ba ya kai minti biyu. Sauran ukun su ɗago kai daga zare su ce ya je, shi ya ce a nemi wani, sannan ya goge gam ɗin hannunsa ya tafi.

Har gobe ina jin ƙanshin ɗakin nan, gam da sabuwar takarda. Shi kaɗai ke da babbar taga, hasken safe na zubowa kan teburin Kawu har ka ga ramin allura daga bakin ƙofa. Masu injin sun daɗe suna son a mayar da shi ma'ajiyar takarda, don yana kusa da su. Duk shekara su kawo maganar, duk shekara Kawu ya kashe ta a kwamiti, bai ko ɗaga murya ba.

Ni dai lissafi na kawo. Na ce a zuba ƙuri'u sittin a akwati ɗaya, kowane sashe ya tsayar da mutanensa, kowa ya zaɓi sashen da yake so. Duk ƙuri'a goma sha biyu kujera ɗaya, kujerun da suka rage kuma a ba masu ragowa mafi yawa. Kawu ne ya fara ɗaga hannu. Ya ce yaron nan nasu ne, ba a tura shi jami'a don ya dawo ya yi shiru ba.

Ranar zaɓe ni na ƙirga. Masu haruffa goma sha biyu cif, kujera ɗaya. Masu injin talatin, kujera biyu da ragowar shida. Direbobi tara, suka ɗauki ta huɗu. Saura ɗaya. Ofis huɗu. Kawu biyar: mutanensa uku, ni, da matar da ke buga mana tafireta. Shida ta fi biyar, ko ba a je jami'a ba. Masu injin suka tashi da kujera uku.

Na sake ƙirgawa, don na san su ashirin da tara ne. Daga ina ta talatin ta fito? Na sami Kawu yana yanke zare.

"Kawu, wa ka zaɓa?"

"Shugaban masu injin mana. Ni na koya masa riƙe takarda."

"Me ya hana ka zaɓi kanka?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kaina? A jami'ar ba a koya muku kunya ba?"

Da ya ba kansa, da shi ke da shida, su biyar. Na fara yi masa bayani, ya ce in miƙo masa almakashi.

Zaman farko na sabon kwamiti, ƙuri'a uku da biyu, aka ba takarda ɗakin. Takarda ba ta son rana, sai aka rufe tagar da kwali. Ni kuwa aka kira ni maɗaba'u biyu in koya musu tsarin.

Ko mahaifiyata ba ta ji maganar a bakin Kawu ba. Shi da mutanensa suka kinkimi teburin zuwa lungun bayan matakala, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda. Washegari da zan wuce ya kira ni, ya miƙo mini allura da zare.

"Zo, mai ilimi. Saka mini wannan, idonka ya fi nawa."