Na'urar da Ba Ta Kashe Kanta

Leɓen Ilinca ya sake yin shuɗi a kan bencin asibitin gwamnati. Ruxandra ta kara kunne a ƙirjin 'yarta, zuciyar na fat-fat kamar tsuntsu a tarko. A ƙofar ɗakin hoton zuciya kuwa takardar nan na manne, har ta koɗe: "Na'ura ta lalace." Wata takwas ke nan.

"Ki kai ta tsallaken titi, baiwar Allah," in ji Likita Dobrin, ko tsayawa bai yi ba. "Tasu sabuwa ce fil."

Asibitin tsallaken titi na kuɗi ne, kuma na matarsa ne, kowa ya sani. A sanyin bara Doina, maƙwabciyar Ruxandra, tana cikin neman mai sayen saniyarta don ta tsallaka titin nan, ɗanta ya cika. Ruxandra ta bi ƙeyar likitan da kallo. Gyaran kwamfuta ne sana'arta. Ta san ƙarfe kan mutu, ta kuma san akan kwantar da shi da gangan.

* * *

Da rana ta take, likita ya tsallaka wurin matarsa kamar kullum, sai tsohuwar nas ta buɗe mata ɗakin.

"In aka kama mu, ban san ki ba, ban san uwarki ba."

"Na ji, Tanti Vasilica. Wa ya taɓa ta ƙarshe?"

"Ƙanin matarsa. Ya sake mata manhaja, tun ranar take sanƙarewa kamar kifin kasuwa."

A gefen na'urar akwai hoton wani waliyyi an liƙa. Ruxandra ta ga rubutu na leƙowa a ƙarƙashi, ta ɗaga da farce. Umarnin maƙera ne: in za a ɗora tsohuwar manhajar, a zaɓi tsohon tsari.

"Likita ne ya manna da hannunsa," nas ta ce a hankali. "Wai don albarka."

"Albarkar aljihunsa." Ruxandra ta zura faifan manhajar. "Kin ga, Tanti, tsakanin manhaja da ƙarfe akwai tafinta. In kin bar ta ta zaɓa da kanta, sabon tafinta take ɗauka, shi kuwa ya cusa duk allunan cikinta a layi ɗaya, allon hoton zuciya ya rasa bakin magana. Tsoho kuwa kowa da layinsa."

Shuɗin allo ya bayyana. Daƙiƙa kaɗan ake da su. Ta danna maɓalli, jerin ya fito, ta gangara ta zaɓi tsohon tsari.

"Ki kira min Doina," ta ce. "Ta zo da duk uwar da aka taɓa nuna wa titi."

* * *

Ƙarfe uku likita ya tarar da mata goma sha ɗaya a ɗakin, babu wadda ta riƙo masa kwalbar zuma ko ƙullin gahawa kamar yadda aka saba. Na'ura na haske, Ilinca na kwance an yaye mata riga.

"Wa ya ba ku izini?"

"Waliyyi ne ya warkar da ita, ranka ya daɗe," in ji Ruxandra, ta miƙa masa hoton waliyyin. "Ga yarinya."

Ya dubi fuskokin, bai sami ta sauƙi ba. Ya ɗora abin awon a ƙirjin yarinyar. Da hoton ya fito sai muryarsa ta yi ƙasa: akwai huji a zuciyar, ya kuma ƙaru, da tun bazara ya kamata a kai ta babban asibitin birnin Iaşi a yi mata aiki.

Ruxandra ta ɓalle wa 'yarta maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya. Daɗin da ta zaci za ta ji bai zo ba.

Likita ya ba na'urar umarnin rufewa, ya juya zai fita. Ba ta mutu ba. Allon ya yi baƙi, rubutu ya fito: "Yanzu kana iya kashe na'urar."

"Tsohon tsari ke nan," Ruxandra ta ce. "Ba ta kashe kanta. Sai mutum ya sa hannu."

Doina ta matso daf da maɓallin, ta zuba wa likita ido. Ya daɗe a tsaye, hannu a aljihu, rubutun na haska masa takalmi.