Shafin Ƙarshe na Littafin Simha

Domla Nerya yana cikin naɗe littafin a farin ƙyalle ne yatsansa ya ji wani abu ya ɗago a bangon baya. Ya dakata, ya gyara tabarau. Shafin ƙarshe, wanda yake manne da bango tun ranar da ya fara ganin littafin, ya ɓanɓare ta gefe ɗaya. Damshin bana ne, don rufin ɗakin karatunsa ya yi yoyo har sau biyu.

Kamata ya yi ya ƙyale shi. Shi da bakinsa yake yi wa ɗalibai faɗa a jami'a cewa ba a ɓanɓare abin da magabata suka liƙe. To amma yau littafin zai bar hannunsa. Burho, yayar marigayiya matarsa, gobe za ta tashi zuwa wurin 'ya'yanta a Amurka, ta kuma aiko a mayar mata da kayan gidansu. Dama aro ne, aron da ya shekara talatin da huɗu.

Ya ɗauko siririyar wuƙa ya zura a hankali. Shafin ya saki ba gardama.

Mu ɗin da muka rage a unguwar Yahudawan Bukhara, babu wanda bai san sunan Mullo Simha ba, har waɗanda rabonsu da littafi tun firamare. Domla Nerya ne ya tono shi, Domla kuwa shi ne laƙabin da muke yi wa malamin jami'a. Shi Simha malami ne wai da ya rayu shekara ɗari uku da ɗoriya da suka wuce, ya rubuta sharhi da baitoci cikin Farisancinmu da haruffan Ibrananci, yana ja-in-ja da malaman Venis da na Salonika sai ka ce maƙwabtansa ne. A kan wannan littafi guda Nerya ya rubuta shafi ɗari huɗu da Rashanci. Da shi ya zama farfesa, da shi ya ga ƙasashe, kuma saboda shi jami'a za ta yi taron karrama shi ranar Talata mai zuwa.

Layi uku ne kacal a ɓoye, da hannun da ya sani fiye da nasa.

"Mai karatu, ka yafe mini karkacewar waɗannan layuka. Da hannu ɗaya na rubuta su, ɗayan yana tallafe da jariri a kan nonona. Ni ce Simha."

Ya karanta sau uku. A na huɗun ya cire tabarau ya ajiye, ya zauna yana kallon bango.

Laifin ba na wawa ba ne, shi ya sa ya fi ciwo. A wurinmu ana sa wa namiji Simha, ana sa wa mace. Haruffa biyun da ake taƙaita "ɗan malam wane" da su, su ne dai ake taƙaita "'yar malam wane". Harshen namu kuwa ba ruwansa da mace ko namiji. Mutum zai yi magana shafi dubu ba ka san ko yana da gemu ba. Rashanci ne ya tilasta masa zaɓe, shi kuma bai ko yi tunani ba ya zaɓi namiji. Har babi guda ya rubuta a kan karkacewar layukan ƙarshe, ya ce tsufa ne ya sa hannun malam rawa. An yabi babin nan ƙwarai.

Amma ba babin ne ya tsaya masa a wuya ba. Wata Asabar ce da rana, shekarun baya da yawa, ya gayyato baƙi biyu daga Mosko cin abinci. Sivyo matarsa tana ajiye akushin shinkafar da ta kwana a wuta, sai ta ji suna maganar littafin.

"Kakata tana cewa mace ce ta rubuta shi," in ji ta. "Bibi Simha. Shi ya sa a gidanmu ake sa shi ƙarƙashin matashin mai naƙuda."

"Kun ji tarihin kicin ko?" Nerya ya ce wa baƙin. "Sivyo-jon, ki bar mana tarihi, mu kuma mun bar miki tukunya."

Baƙin suka yi dariya. Ita ma ta ɗan yi, ta gyara zaman akushin ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu bara waccan.

Ya ƙarasa naɗe littafin, ya sa a jaka, ya fito ya shiga ƙaramar bas zuwa tsohon gari. A daidai kasuwa, inda wata mata ta shigo da buhun albasa ta ɗora masa rabi a ƙafa, wayarsa ta yi ƙara. Shugaban sashensu ne.

"Domla, mai zanen nan ya kawo hoton Mullo Simha da za mu rataya a zauren taro. Ya yi kyau fa. Abu ɗaya ne muke gardama a kai, gemun. Ni na ce ya yi gajere ga malami irinsa. A ƙara?"

Nerya ya dubi jakar da littafin yake ciki.

"Domla, kana ji na?"

"Ina cikin mota. Zan kira ka."

Ya mayar da wayar aljihu. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya ji kunyar saurin da ya yi shi. Babu wanda ya ga shafin sai shi. Gobe littafin zai haye teku, ya shiga akwatin wata tsohuwa, jikokin da ko gaisuwa ba su iya da harshenmu ba su gaje shi. In ya yi shiru, Mullo Simha zai zauna da gemunsa har abada.

Ya tarar da Burho a tsakar gida cikin kwalaye, tana naɗe kofunan shayi a tsofaffin jaridu. An riga an sayar da gidan, wai otal za a yi. Tana da shekara tamanin ba ɗaya, bakinta kuwa bai tsufa ba.

"A'a, manyan baƙi. Domla da kansa. Na ɗauka sai na aiko 'yan sanda."

"Ina wuni, Apa," ya ce, yadda muke kiran yaya mace.

"Lafiya lau, sai gwiwa. Zauna a kwalin can, kujerun sun riga ni tafiya. Ka rame, Nerya-jon. Wa ke dafa maka?"

"Ina dai taɓawa."

"Na gani a wuyanka."

Ta zuba masa koren shayi, ta gutsuro gurasa ta tura gabansa. Ya miƙa mata littafin da hannu biyu. Ta sumbaci ƙyallen, ta kai goshi, za ta sa a jakar hannunta.

"Apa, tsaya. Akwai abin da zan nuna miki."

Ya buɗe bangon baya, ya fara karanta mata layukan. Bai kai rabi ba ta ƙarasa masa da ka.

"Ɗayan yana tallafe da jariri a kan nonona. E, na sani."

Ya ɗago kai.

"Daga ina kika sani?"

"Ranar da Mazol 'yata take naƙudar fari, ba Sivyo ta karɓo shi daga ɗakinka ba? Yarinyar ta yi ta juyi a kan matashi, gumi ya jiƙa komai. Da muka ciro shi, shafin ya saki. Sivyo ta karanta mini a tsaye, a bakin gadon asibiti."

"Sivyo ta karanta? Ai ba ta iya waɗannan haruffan ba."

Burho ta ajiye kofin da ke hannunta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Duk matan gidanmu mun iya. Kaka ta koya mana a kan tiren gari, da yatsa. Kai ne ba ka taɓa tambaya ba."

Ya mayar da idonsa kan shafin. Can waje wani mai kankana yana ta kiran masu saye.

"Wace shekara ce?" ya tambaya da ƙyar.

"Shekarar da aka ba ka farfesa. Saura wata ɗaya. Har ka ɗinka sabuwar kwat, ka tuna? Na ce mata, kai masa ya gani, ya san tarihin kicin ma tarihi ne. Wallahi har na ɗauki mayafi zan zo da kaina. Ta riƙe hannuna ta ce, Apa, mutumin nan ba shi da komai sai wannan malamin nasa. Ba mu da ɗa, ba mu da 'ya. In na ƙwace masa shi, da me zai tashi da safe? A nan kicin ɗin ta dama ƙullu ta mayar da shafin. Ta sa na yi mata alkawari."

Shekara ashirin da shida ke nan. Duk tsawon lokacin tana goge masa kwat in zai je ba da lacca a kan Mullo Simha, tana zama a layin baya tana tafi. Ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Da ma zaginsa ta yi ranar nan gaban baƙi, da ya fi masa sauƙi.

Burho ta dube shi. Sannan ta dafa kwali ta miƙe, ta shiga kicin. Ya ji tana buɗe gwangwani. Ta dawo da ɗan gari a cikin kofi da cokali.

"Ban riga na kyautar da garin ba," in ji ta, muryarta ta yi laushi. "Aikin minti biyar ne. Na ga yadda ta yi. Ka je taronka ranar Talata, ka sha tafi, ni kuma in tafi da bakina. Ba don kai ba, don ita."

Nerya ya dubi kofin, ya dubi layukan nan uku masu karkata. Ya san abin da za a ce a sashensu, ya san waɗanda za su ji daɗi, har sunayensu ya sani.

Ya ciro wayarsa, ya matsa da littafin inda rana ta fi haske, ya ɗauki hoton shafin. Sai da ya sake sau biyu kafin layukan su fito sosai.

"Mayar da garin, Apa," ya ce. "Bar shafin a buɗe."