Kukan Sauro a Jitar Auta

Auta ya shigo shagon yayansa da hantsi, jita a baya, ƙaramar lasifika a hannu, katakon fedodi a hammata. Fedodin nan 'yan akwatuna ne da mai jita ke takawa da ƙafa don ya sauya muryar kiɗa. Shi Auta ya jera su a kan katako, yana ji da su kamar 'ya'yan cikinsa.

Ko sallama bai ƙarasa ba ya hau ƙorafi. Wai fedodin sun lalace, kuka suke kamar sauro ya shiga kunne. Mai gangar ƙungiyarsu har ya laƙaba masa Sauro, sunan kuma ya bi shi. Mafi muni, shugaban ƙungiyar ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya zo gwajin yamma da wannan ƙugi, to ya nemi wasu abokan kiɗa, don akwai mai jiran gurbinsa.

Yaya mai gyaran rediyo ne da lasifika, ba ya wasa da aiki, ba ya kuma lallashin mai laifi. Ya ture wata rediyo da ya buɗe wa ciki, ya ɗora katakon a kan teburi, ya jona. Nan take shago ya cika da zuuu. Telan da ke maƙwabtaka ya leƙo ya tambaya ko injin niƙa aka kawo gyara.

Yaya bai kwance ko feda ɗaya ba. Katakon ya juya, ya nuna wayoyin da aka tufke wuri guda aka naɗe da salatif, ya tambayi wane gwani ne ya yi wannan kitso. Auta ya ce shi ne, don aiki ya yi tsaf. Yaya ya sa reza ya farke kitson. Ya ce wayar da ke ɗauke da wutar bango kullum cikin ƙugi take, wayar sauti kuwa duk abin da ta ji a kusa sai ta kwasa. Ya raba su, kowace ta bi gefenta. Kukan ya ragu.

Sai ya ɗaga adaftar da ke ba fedodin wuta, wata 'yar baƙa mara nauyi, ita kaɗai ke shayar da su duka. Ya cire ta ya sa wa feda ɗaya batir, muryarta ta washe. Ya ce ga shaida, wutar adaftar nan ba tatacciya ba ce, kuma da yake a kwano ɗaya fedodin ke sha, dattin wannan na shiga bakin wancan. Ya ɗauko mai kyau daga durowa, wadda ke ba kowace feda nata layin.

Da ya kai ga fulogin lasifikar ne fuskarsa ta canja. An datse masa ƙafa ta uku.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yaya. Ya ƙi shiga soket ɗin ɗakina."

"Shi ne ka yanke masa ƙafa. Da takalminka ne ya matse ka, yatsa za ka cire?"

Ya ce ƙafar nan ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, in babu ita sai wutar ta nemi hanya ta jikin mai kiɗa. Auta ya amsa da ƙaramar murya cewa lallai tsirkiyoyin jitar kan ɗan cije shi wani lokaci. Yaya ya sa sabon fulogi bai ƙara kallonsa ba.

Ƙugi ya tafi, saura wani shuuu kamar iska na fita daga taya. Yaya ya bi fedodin ɗaya bayan ɗaya yana cirewa, har ya kama mai laifin, wata ja mai ƙara wa kiɗa kaushi. An murɗe maɓallin ƙarfinta har ƙarshe, an liƙe da salatif don kada ya motsa. Ya ɓare, ya dawo da shi tsakiya. Shago ya yi tsit, har ana jin keken tela.

"Kaɗa mu ji," in ji Yaya.

Auta ya gyara tsayuwa ya saki irin gudun yatsun da yake taƙama da shi. Abin da ya fito ba daɗi. Wani sautin ya shaƙe, wani ya zame, wani ma bai fito ba sam. Duk wannan yana nan tun da can, hayaniya ce ke rufa masa asiri. Ya ɗora wa tsirkiya laifi, ya ɗora wa zufa. Daga bisani ya roƙi a ɗan mayar da maɓallin sama, kaɗan kawai.

"Maɓalli naka ne, murɗa abinka. Sauro zai dawo, shugaba ya sallame ka. Ni na gyara waya, yatsu kuwa ba a kawo mini su gyara."

Haka mutane suke. Da yawa sun fi son hayaniyar da ke ɓoye aibinsu a kan shirun da zai nuna musu inda za su gyara.

Auta ya daɗe yana kallon jar fedar, bai taɓa ta ba. Ya ja benci ya zauna, ya koma kaɗawa a hankali kamar ɗan koyo, yana danna kowace tsirkiya har ta yi magana sosai. Tela ya sake leƙowa ya ce yanzu kam ya gane waƙar. Haka ya wuni har kan yatsunsa suka yi ja.

Da yamma ya jona kayansa a ɗakin gwaji. Mai ganga ya kara hannu a kunne, yana tambaya ko an yi feshin maganin sauro ne yau. Aka fara. Da aka zo wurin da Auta ya saba zuba gudu, ya kaɗa rabin abin da ya saba, amma kowane sauti ya fita fes. Shugaba ya tsayar da kiɗa ya dube shi, ya ce haka yake so, ya riƙe wannan, kuma gobe ya zo da wuri.

Mai ganga ya tafa sandunansa, ya ce yanzu an bar shi da aikin nemo wani suna.