Gyara Kafin Ciniki

Duk wanda ya san Saaka a unguwar Moss Side ta Manchester ya san ba ya barin shago sai an yi masa gyara. Ko nama ya saya a Wilmslow Road, zai dafa kanta ya tsaya yana murmushi, har mahaucin ya gaji ya jefa masa ƙashi ɗaya a leda. Ba rowa ba ce, ba kuma babu ba. A gindin tiren uwarsa ya tashi a zongon Kumasi, tana sayar da tumatir, kuma a can in ka sayi kashi uku ba a ɗora maka ɗaya a kai ba, to an raina ka. Ya daɗe yana tura marasa lafiya a keke a wani asibiti da ke Oxford Road, amma Ingila ba ta raba shi da wannan hali ba.

A lokacin zafi na shekarar 2005 aka sa ranar auren Sadique, ɗan wansa marigayi, da wata yarinya mai suna Mubarika a Birmingham. 'Yan Ghana mazauna unguwar suka yi karo-karo don a ɗauki hayar mota guda ta kai kowa, suka danƙa wa Saaka kuɗin. Shi aka saba ba wa irin wannan amana, don ko sisin wani bai taɓa ciwon kai a hannunsa ba.

Fam ɗari uku aka tara. Wannan kuwa ƙaramar mota kawai zai ɗauka a wajen Gamaliel, wani dattijo ɗan Jamaika mai motocin haya a Hulme. Babbar motar ninki biyu ce. Ga jama'a sun fi kujeru yawa, ga yara, ga manyan tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, da matarsa Alima za ta dafa. Dole Saaka ya bi gida-gida yana ba mata masu ƙananan yara haƙuri, cewa su dai su zauna a gida. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Ranar Litinin ya shiga shagon intanet na Claremont Road don ya duba hanyar da za a bi zuwa wajen biki. Yana cikin laluben taswira sai ga wani talla ya faɗo kan fuskar kwamfutar, ja da ruwan gwal, yana walƙiya. Wai ka zuba ɗari uku, su ƙara maka ɗari uku kyauta.

Saaka ya san gidan caca ne, ya kuma san caca haramun ce. Ba jahili ba ne. Amma sai ya gyara zama ya yi wa kansa fatawa. Ai shi ba caca zai yi ba. Zai zuba kuɗin, su ɗora masa gyara, ya kwashe duka ya kama gabansa. Wane malami ya taɓa haramta gyara? Ya zaro katin bankin da ya ajiye kuɗin jama'a a ciki, ya buga lambobin a tsanake da ɗan yatsa guda. Nan take ya ga ɗari shida a jikin sunansa. Daɗi ya kama shi har ya ce wa yaron Somaliya da ke zaune kusa da shi sannu da aiki, alhali bai san shi ba.

Ya danna wajen cirewa. Kwamfuta ta ƙi. Ya sake dannawa, ta sake fito da wani jan rubutu. Ya rage buri ya ce to a ba shi nasa ɗari ukun kawai. Nan ma ta ƙi. A sannan ne gumi ya karyo masa, a garin da ko a tsakiyar zafi mutane ke yawo da rigar sanyi.

Bai ci abincin kirki ba ran nan. Alima ta dube shi sau ɗaya ta san da magana, amma ta ƙyale shi ya dahu da kansa. Washegari da la'asar ya gaji da dahuwa, ya kira Ja'afar, ɗalibi ɗan Zariya da ke haya a ɗakinsu na sama, ya ce ya sauko da ƙaramar kwamfutarsa. A gaban Alima ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

Alima ta ajiye ludayi. “Kuɗin jama'a, Baban Sadiatu? Kuɗin motar Sadique?”

“Ban taɓa su ba. Suna nan. Fitowa ce kawai suka ƙi.”

Ja'afar ya buɗe shafin, ya gangara can ƙasa inda aka yi rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

“Baba, kun duba terms and conditions, wato sharuɗɗan nan nasu, kafin ku yi deposit kuwa?”

“Wa yake karanta wannan? Ai ko likita ba ya rubutu haka.”

“To ga abin da suka ce. Wannan bonus ɗin ba naku ba ne tukuna. Sai kun buga caca da shi sau talatin kafin su bari a cire. Wagering requirement suke ce masa. Ɗari uku sau talatin, fam dubu tara ke nan za ku zuba a wasa.”

“Dubu tara! Ni da ko dubu ɗaya ban ajiye ba?”

“Ba lokaci ɗaya ba. Ku sa, in kun ci ku sake sawa, haka dai har lissafin ya cika. Amma duk juyi ɗaya gidan yana ɗan yankar rabonsa. Yawanci kafin a kai ƙarshe babu abin da ya rage. Kuma muddin bonus ɗin yana kan account, naku kuɗin ma a ɗaure yake tare da shi.”

Alima ta ce, “Wato a ba ka gari a ce ka juye shi daga kwano zuwa kwano sau talatin a bakin iska, abin da ya saura naka ne.”

“Haka ne, Mama.”

A gefen shafin wani faifan caca yana ta juyawa a hankali, ja da baƙi, ja da baƙi. Saaka ya ƙura mata ido. Gamaliel ya ce lallai a kawo kuɗi ranar Juma'a, in ba haka ba zai ba wasu motar. Shaiɗan kuwa bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ya raɗa masa cewa tunda an riga an shiga ruwa, a yi iyo mana, wataƙila rabo ne ya kawo shi. Hannun Saaka ya matsa kusa da kwamfutar. Ya tuna fuskokin mutanen da suka miƙo masa kuɗinsu ba tare da sun nemi ko takarda ba, sai ya janye hannun ya cusa a aljihun riga.

Ja'afar bai ma lura ba, yana can yana bin rubutu. Can ya ɗago. “Baba, tsakaninku da Allah, ba ku buga ko sau ɗaya ba?”

“Wallahi ko sau ɗaya.”

“To akwai ƙofa. Sun ce wanda bai fara wasa ba yana iya kira ya ce a soke bonus ɗin, a mayar masa da nasa.”

Saaka ya yi ajiyar zuciya, amma sai ga tsohon hali ya motsa. “A soke duka? Ko rabi ba za su bar mini ba? Gyara ne fa suka ce.”

Alima ta riƙe ƙugu. “Kai da ka tashi a gindin tire, yaushe ka ga Maame, mahaifiyarka, ta yi wa mutum gyara kafin ya saya? Sai an gama ciniki, an biya, sannan ta ɗora. Wanda ake watsa maka tun kafin ka shigo, tsaba ce, kuma kaza ake watsa wa.”

Ja'afar ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Saaka ya jawo wayar gida.

Wata mata ce ta ɗauka, ta ce sunanta Celestina, muryarta kamar an shafa mata zuma. Saaka ya tattaro Turancinsa na asibiti ya ce mata yana so su karɓe kyautarsu su ba shi kuɗinsa.

Ta ce ko bai ji daɗin wasannin ba ne? Ya ce bai ɗanɗana ba balle ya sani. Ta ce to bari ta ƙara masa fam hamsin a kai, don ya ga suna ji da shi. Ya ce a'a, ta rage dai. Ta ce akwai juyi ashirin na kyauta. Ya ce ta ba wani mabuƙaci. Ta ce yallaɓai, ka gane kuwa ɗari uku kake mayarwa? Ya ce ya gane sarai, kuma in da hali ta haɗa da godiyarsa.

Alima ta zauna a kan kujera tana dariya har da hawaye. Tun da ta auri mutumin nan ba ta taɓa jin yana ciniki yana ja ƙasa ba. Yau ga Saaka ɗan mai tumatir, ya dage iya ƙarfinsa yana roƙon a rage masa kyauta.

Daga ƙarshe Celestina ita ma dariya ta ƙwace mata. Ta ce tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa haɗuwa da irinsa ba. Ta soke. Ta ce kuɗin zai koma katinsa nan da kwana uku zuwa biyar na aiki.

Uku zuwa biyar! Uku Juma'a ce, biyar kuwa an riga an kai amarya ɗakinta. Saaka ya zama abokin injin cirar kuɗi na Princess Road. In zai tafi aiki ya leƙa, in ya taso ya leƙa, har mai shagon jaridu na gefe ya fara ɗaga masa hannu. Mutane suna tare shi a hanya suna tambaya, “Baba Saaka, an biya kuɗin motar?” Shi kuwa ba ya iya ƙarya, sai ya ce, “Ranar Juma'a, in Allah ya yarda.” Bai taɓa faɗin in Allah ya yarda da zuciya ɗaya kamar a wannan mako ba.

Ranar Juma'a da safe babu komai. Ya je masallaci ya yi addu'ar da ya daɗe bai yi irinta ba. Da aka sallame bai tsaya gaisawa ba, ya nufi Princess Road har yana haɗawa da gudu, babbar riga tana kaɗawa. Ya sa kati, ya rufe ido ɗaya. Ga su nan, ɗari uku cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

“Alhamdu lillahi!” Ya faɗa da ƙarfi har wata Baturiya da ke bayansa a layi ta ja da baya.

Ya tarar da Gamaliel a ƙaramin ofishinsa yana shan shayi. Ya miƙa kuɗin, ya karɓi rasit, ya yi godiya, ya juya zai fita.

“Saaka,” in ji Gamaliel da Turancinsa na Jamaika, “ba ka da lafiya ne?”

“Lafiya lau.”

“Shekara nawa kana ɗaukar motata, ba ka taɓa biya ka fita haka ba. Kullum sai ka dafa mini tebur kana wannan murmushin naka. Tun jiya nake jiran ka zo ka dafa.” Ya nuna waje da haɓa. “Masu hayar babbar gobe sun fasa. Zaman banza za ta yi. Ku ɗauka.”

Saaka ya tsaya cak. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. “Da wane sharaɗi?”

“Sharaɗi?”

“Sau nawa zan… wato, me zan yi kafin ta zama tamu?”

Gamaliel ya dube shi kamar ya ga sabon mutum. “Ka riga ka biya, ɗan'uwa. In kana son sharaɗi, ni zan tuƙa, kuma a zuba mini shinkafa da waken matarka.”

Yammacin nan Saaka ya sake bin gidajen da ya bi yana ba da haƙuri, wannan karon yana buga ƙofa da ƙarfi. A shirya yara, a goge kaya, kowa zai je.

Ranar Asabar motar ta cika maƙil. Tun kafin su hau babbar hanyar M6 mata sun fara waƙa, wani ya mai da murfin tukunya ganga, yara suna ta ihu da Turancin Manchester suna tambaya ko an kusa. Sadique yana kujerar gaba cikin farar shadda, ya kasa rufe baki. A unguwar Small Heath ta Birmingham dangin amarya suka fito tarya, suka ga mutane suna ta saukowa ba su ƙarewa, sai uban Mubarika ya rungume Saaka ya ce, “Haka ake zuwa ɗaukar amarya!” Alima da Ja'afar suka haɗa ido. Babu wanda ya ji komai daga bakinsu, ran nan ko bayansa.

Bayan an ɗaura aure aka buɗe tukwane. Alima ce a kan ludayi. Ta cika wa Gamaliel faranti har yana tangaɗi. Da layi ya zo kan Saaka ya miƙa nasa, ta zuba masa daidai kowa. Bai dafa tebur ba, bai yi murmushin nan ba, ya ce an gode ya juya.

“Baban Sadiatu, dawo.”

Ya dawo. Ta laluba ƙasan tukunya ta ɗauko tsoka mafi girma, ta haɗa da dafaffen ƙwai, ta ɗora masa a kai.

“Wannan fa?”

“Gyara ne,” ta ce, ba ta ko dube shi ba. “Na ga lokacin da ka mayar da hannunka aljihu.”