Inda Igiya Ta Ƙare

Kafinta ya ɗaga bokitin sama yadda ƙarar ruwan za ta shiga ɗakin tsohon da ke maƙwabtaka da shi, sannan ya tuttular da shi a ƙasa, daidai inda igiyar dokin ta ƙare. Akawal, baƙin dokin nan mai jan keken kaya, ya miƙo wuya har igiya ta shaƙe shi. Leɓensa na rawa, amma bai kai ba. Ƙasa ta shanye ruwan yana kallo.

"Kafinta, kai ne?" Muryar Baba Mai Doki ce ta fito daga ɗaki, ƙasa-ƙasa.

"Ni ne, Baba. Ga shi nan yana sha."

"Allah ya biya ka. Na nesa sai labari, maƙwabci shi ne ɗan'uwa."

Kafinta ya kife bokitin, ya goge hannu a wando. Yau ma ya yi, kamar jiya.

Tsakar gida ɗaya suka haɗa a gidan haya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A nan ne bara Auta, 'yar Kafinta, ta bi ƙwallonta da gudu ta bayan dokin yana cin dusa. Harbi ɗaya ya yi mata, ƙashin cinya ya karye. Ya ɗoru, amma ƙafar ta gajarce. Da hannunsa Kafinta ya sassaƙa ɗan katako ya manna a ƙasan takalminta. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jin ƙwas, ƙwas ɗinta har ta sha kwanar makaranta, yana tunanin abin da yara ke ce mata, da abin da za a ce mata in ta girma.

Duk wannan bai ƙona shi kamar maganar da tsohon ya yi a asibiti ba. Ya zo dubiya da ledar lemu, ya zauna, maimakon ya ce a yi haƙuri sai ya ce, "Ai doki ba ya ganin bayan wutsiyarsa. Duk abin da ya zo masa ta nan babu sallama, kura ce a wurinsa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne."

Kafinta ya haɗiye maganar, ta zauna masa a ƙirji kamar ƙusa. Ya jira. Sai ga ciwo ya kwantar da tsohon, ƙafafu suka kumbura, likita ya hana shi ko zuwa bakin ƙofa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a wani gari mai nisa. Wa zai roƙa ya riƙa ba dokin ruwa in ba maƙwabci ba?

Uwar Auta ta ga laimar ƙasar, ta ga cikin dokin ya shafe.

"Baban Auta, dabba ce fa. Ba ta da bakin kai ƙara."

"Ita Auta da take da baki, wa ya saurare ta?"

"To in ya mutu ƙafar za ta miƙe?"

"Ba za ta miƙe ba. Amma zan ci abinci ya yi mini daɗi." Ya nuna ta da yatsa. "Kuma kar in ga kin ɗauki ko moɗa kin nufi wajen nan."

Da ya shiga kai wa tsohon ruwan shan magani, ya tarar da shi ya karkata kunne wajen bango.

"Ka ji yana tonon ƙasa da ƙafar gaba?"

"Ƙuda ne, Baba."

"Ƙuda da wutsiya ake korarsa." Tsohon ya yi tari mai tsawo. "Kuma tun jiya ban ji fitsarinsa ba. Akawal in ya sha ruwa, duk gidan nan sai an sani. Kai kanka ka sha yi mini mita."

"Tsufa ne. Kai ma ai ba ka yi kamar da."

Baba Mai Doki ya yi 'yar dariya, ya dubi bakin wandon Kafinta, inda jar laka ta fantsama ta bushe. Kafinta ya fita yana jin wani sanyi a ransa. To, ya sani ma. Bari ya ɗanɗana yadda ake kwance, naka na wahala, ba ka da yadda za ka yi.

Rana ta take, Kafinta na shagonsa yana goge ƙafar kujera, sai ga Uwar Auta ba ko mayafi.

"Taso! Baba ya fito!"

A gindin turken suka same shi, zaune, ya jingina. Tun daga ƙofar ɗakinsa har wurin akwai sawun inda ya ja jiki a ƙasa. Ba zai iya ɗaukar bokiti ba, sai ya yi abin da zai iya: ya kwance igiyar. Akawal na can bakin famfo, ya tsoma baki cikin bahon wankin Uwar Auta, maƙogwaronsa na hawa da sauka.

Kafinta ya durƙusa. Leɓen tsohon sun yi fari, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Da ni ka hana ruwan," tsohon ya ce, "da ya fi."

"Ƙafar 'yata fa, Baba?" in ji Kafinta. Ya kama kafaɗarsa ya girgiza. "Kalma ɗaya nake jira. Ka ce in yi haƙuri. Ka faɗa!"

Idon tsohon ba a kansa yake ba, yana kan dokin. Bakinsa ya motsa, ya yi ɗan tsakin da ya saba kiran Akawal da shi. Daga nan kansa ya langaɓe.

"Innalillahi," Uwar Auta ta ce, ta toshe baki da hannu.

Kafinta bai saki kafaɗar ba sai da mai shagon ƙofar gida da wani direba suka shigo suka ɓamɓare yatsunsa. Suka ɗauki gawar zuwa ɗaki. Dokin ya ɗago kai daga bahon, ya bi bayansu a hankali, babu wanda ya kora shi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana shinshina labulen, ruwa na ɗiga daga haɓarsa kan siminti.