Da Sauƙi

Tun safe wayar ke aljihun rigar aikinta, kuma duk lokacin da ta yi motsi sai Maman Auta ta kai hannu ta dafe ta. Ta bar 'yarta a gida jiki zafi rau, ko ruwa ta sha sai ta dawo da shi. Sun raba ranar ita da mijinta: shi zai zauna da yarinyar har azahar, sannan ita ta zo ta karɓe shi, don in bai je ya ɗauki motar kamfaninsu ba, makullin zai koma hannun wani direba. An riga an ja masa kunne. Ita ma an ja mata, a gaban kowa.

Matan kamfanin ɗinkin nan Agogo suke kiran shugabarsu, a bayan idonta dai. Mace ce da ko banɗaki ka shiga sai ta duba tsintsiyar hannunta. Maman Auta ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ta bi ta tsakanin layuka tana maimaita roƙon da za ta yi.

"Madam, sannu da aiki."

"Yawwa. Ya jikin yarinyar?" in ji Agogo, ba ta ko ɗago kai ba.

"Da sauƙi."

Bakinta ne ya faɗa, ba ita ba. Haka aka saba amsawa. Ko mutum yana kwance bai san inda yake ba, wa zai buɗe baki ya ce babu sauƙi?

"To madalla. Tunda da sauƙi, koma ki ƙarasa mini wuyan rigunan nan. Yau za a zo ɗauka."

"Madam, ai dama..."

"Dama me? Ba yanzu kika ce da sauƙi ba? Na gaya miki, wadda ta sake fita ana tsakar aiki, ta ajiye mini katin aikinta a kan tebur. Masu neman keken nan suna da yawa."

Ta koma ta zauna, takaicin kanta kamar ya kashe ta. Ta ɗinka wuya ɗaya a karkace, ta warware, ta sake karkatawa. Da aka kira azahar ta kasa daurewa, ta laɓe bayan tulin yadi ta kira mijinta.

Ƙarar motoci ta fara ji kafin muryarsa.

"Baban Auta, kana ina?"

"Muna hanyar asibiti."

"Motar kamfanin fa?"

"Bar zancen mota."

"Ya jikin nata?"

Ta kasa kunne ko za ta ji kukan yarinyar, ba ta ji ba.

"Da sauƙi," in ji shi.

Ko takalmanta da ke ƙarƙashin keke ba ta koma ɗauka ba. Ta zare katin daga wuyanta tana tafiya, igiyar ta sarƙe da ɗankwali, ta fizge su tare ta dire a kan teburin Agogo. Kafin matar ta ɗago, ta kai bakin ƙofa da gudu, kai ba ɗankwali.