Ƙofar Ɗakin Kulu

"Ba ni kai shi."

Gwaggo Hajjo, ƙanwar babanmu, ta tsaya da dammin itace a hannu tana kallona kamar ba ta ji ba.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni kai iccen nan ɗakin Kulu, Gwaggo. Kuma wanda ke ciki ma fid da shi zan yi."

Wannan ya faru a gidanmu na Lambara, daminar farko bayan samun 'yancin kai. Na gama makarantar 'yan mata a Sakkwato, ina taimaka wa ungozoma a asibitin Boɗinga, sai aka aiko cewa yayata Kulu ta sauka, an samu ɗa namiji. Na ɗauki hutun mako ɗaya na taho suna. Tun daga zaure na ji tarinta.

An kwantar da ita kan gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, ana hura wuta a ciki don a gasa mai jego, kamar yadda aka yi wa kowace mace a gidan. An saki asabari, an toshe taga da tsumma. Itacen kuwa ruwa ya dake shi, hayaƙi kawai yake yi. Da na shiga sai da na durƙusa kafin na ga fuskarta. Idanunta sun yi ja, tana haki kamar wadda ta yi gudu, abin da take tofarwa a kasko baƙi ne. Na ɗora hannu a ƙirjinta, zuciyar na bugawa da sauri ba tsari. Jaririn na gefenta yana shan abin da take sha.

Na san wannan hakin. Ina ƙarama innarmu ta yi shi a wannan ɗakin, ƙafafunta suka kumbura, ba ta kai arba'in ba. An ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta. A asibiti kuma na ga mata irinta, na ji abin da hayaƙi ke yi wa huhu, da yadda zuciya ke gajiya idan numfashi ya ƙi isa.

Na kwashe itacen da hannuna na watsa tsakar gida. Wani ya ƙone ni a tafi, tabon na nan har yau. Na naɗe asabari, na zare tsumman taga, na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafu.

"Lale da likitan Lambara!" in ji Gwaggo, tana tafa hannu don matan gida su fito. "Ni da na gasa mata sun fi yawan haƙoranki. Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba, ke za ki koya mani jego? So kike jikinta shi zauna ɗanye?"

"Ɗanye da rai ya fi gasasshe a kabari, Gwaggo."

Matan suka yi salati. Gwaggo ta aika a kira Baba daga gona.

Babanmu Malam Tukur bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya kai ni makaranta da kansa lokacin da maƙwabta ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Ya shigo da laka a ƙafa, ya tsaya nesa da ɗakin kamar yadda ya kamata.

"Safinatu, tashi ki ba gwaggonki hanya."

Na durƙusa, amma ban matsa daga ƙofar ba. "Baba, Allah shi ba ka haƙuri. A yi mata wanka da ruwan zafi a waje, ni zan ɗebo ruwan. A lulluɓe ta da bargo. Wuta dai ba ta shiga ɗakin ga."

"Ba shawara na tambaye ki ba."

"Haka Inna ta yi numfashi, Baba. Kai ma ka ji."

Bai kamata a ambaci wannan a gaban mutane ba, na sani, kuma na ambata. Fuskarsa ta canza. Ya daɗe yana kallon tagar da na buɗe.

"In rana ta faɗi kina nan wurin," ya ce a hankali, "to ki san ba ni da ɗiya mai sunanki."

Rana ta faɗi ina nan.

A bakin ƙofar nake salla, a nan nake cin abin da na samu. Gwaggo ta hana a zuba mini tuwo, sai Kulu ta riƙa rage nata tana turo mini kwanon da ƙafa. Ruwan sama ya sha dukana a wurin. Ran suna mata suka riƙa tsallake ƙafafuna suna shiga barka, wata ta ce a kawo wa karen ɗaki ƙashi. Sau ɗaya na zaga bayi, na dawo na tarar da kaskon wuta an tura ƙarƙashin gado. Na fito da shi, daga ranar na rage shan ruwa.

Abin da ya fi min ciwo Kulu ce. Ta kama zanena tana kuka.

"Safi, don Allah ki bari. Kowa an yi mai. In na lalace wa za shi ɗauke ni?"

"Ja numfashi," na ce.

Ta ja.

"Jiya kin iya ja haka?"

Ta juya mini baya.

Hutuna ya ƙare, aka aiko daga Boɗinga, na ce a gaya musu ina zuwa. Aka sake aikowa. Ban tashi ba, don na san inuwata na barin ƙofar nan wuta za ta koma. Tarin ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Ta fara kwanciya ba tare da an jingina ta da bango ba. Ranar arba'in ta fito da ƙafarta, ta goya ɗanta, mijinta ya zo daga Shagari ya tafi da su. Gwaggo ta ce rubutun da ta karɓo ne ya yi aiki.

Ni kuma na ɗaure kayana na je zaure yin sallama. Baba na zaune yana gyaran fartanya. Na gaishe shi sau uku, bai ɗago ba.

A Boɗinga na tarar an ba wata aikina. Kulu na raye, 'ya'yanta huɗu yanzu, amma duk ranar da bayanta ya yi ciwo cewa take ni na bar ta ɗanya, kuma haihuwarta ta biyu ba a gaya mini ba sai bayan arba'in. Baba ya rasu bara. Tun daga ranar da na ƙi tashi daga ƙofar nan har ya koma ga Allah bai sake kiran sunana ba.